Motsa jiki ga mai cutar Parkinson

Cutar Parkinson tana tasowa ne idan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suka riƙa mutuwa sannu a hankali. Wannan sinadari ne ke sa jiki ya motsa sumul ba sai mutum ya yi tunani a kai ba. Wani likitan Landan mai suna James Parkinson ne ya fara bayyana ta dalla-dalla a 1817, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da ita sun haura miliyan 8.5 a 2019.

Makyarkyatar hannu ce idon jama'a ya fi gani, amma sandarewar gaɓoɓi da nawar motsi sun fi gallabar mai ciwon. Taku ya gajarce, hannu ya daina lilo wajen tafiya, baya ya ranƙwafa, murya ta yi ƙasa, har rubutu ya ƙanƙance. Sau da yawa kuma shi kansa ba ya jin motsinsa ya ragu. A ganinsa daidai yake tafiya.

Maganin levodopa, wanda ake amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1960, yana rage ƙarancin dofamin, sai dai bai cika gyara tangaɗi ba, kuma ba ya mayar da ƙarfin tsokar da zama ya cinye. Wannan giɓin ne motsa jiki ke cikewa. Ba warkarwa yake yi ba, don har yau cutar ba ta da maganin warkewa.

Miƙa ita ce farkon aiki, musamman da safe lokacin da jiki ya fi tauri. Tunda ciwon yana lanƙwasa mutum gaba, tsokokin ƙirji da na gaban cinya da na sha-raɓa ake fi bai wa muhimmanci, tare da juya wuya da ƙugu hagu da dama. Ana riƙe kowace miƙa kamar daƙiƙa 30, ba fizga, ba riƙe numfashi. Bayan haka sai atisayen faɗaɗa motsi da gangan: taku mai tsawo, buɗe hannuwa iya iyawa, tashi daga kujera da zama sau da dama, karatu da murya sama. Masu gashin ƙashi kan ce wa majinyaci ya yi motsin har ya ji kamar ya wuce gona da iri, domin a daidai nan ne motsin nasa ke kama da na kowa.

Miƙa kaɗai ba ta isa ba. Wani bincike da aka yi a Amurka kan majinyata 195, aka wallafa a 2012, ya nuna masu yin tai ci, atisayen Sinawa na jujjuya nauyin jiki a hankali daga ƙafa zuwa ƙafa, sun fi masu miƙa zalla tsayuwa daram da ƙarancin faɗuwa. Ana kuma so a haɗa da abin da ke sa zuciya bugawa, kamar tafiya da sauri ko tuƙa keken tsaye, minti 150 a mako, a rarrabe. Wannan yana taimakawa wajen matsalar barci da taurin bayan gida da ƙuncin rai, waɗanda duk cikin ciwon suke.

Wani lokaci ƙafa kan kafe ƙam, galibi a bakin ƙofa ko wajen juyawa. Jan mutum da ƙarfi a irin wannan hali kayar da shi yake yi. Abin da ke aiki shi ne ya tsaya, ya mayar da nauyinsa kan ƙafa ɗaya, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ko ya tsallake wani layi da aka zana a ƙasa.

An fi son yin atisaye a lokacin da magani ke aiki a jiki, kusa da bango ko kujera mai ƙwari, cikin takalmi mai kama ƙafa, ba silifa ba. Jini kan sauka idan mai ciwon ya miƙe farat ɗaya, don haka ya ɗan zauna tukuna, ya kuma yawaita shan ruwa a lokacin zafi. Mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa faɗuwa sai ya fara ganin likita. A gidaje da yawa tausayi kan sa a ce "Baba, ka huta", a ɗauke masa ko ɗauko buta. Hakan ƙara sandarar da shi yake yi. Zuwa masallaci a ƙasa, ban ruwan shuka da sa riga da kansa duk atisaye ne, ko da za su ɗauke shi lokaci.