Safar hannun da muka saya wa 'yan sintirinmu



Bara da sanyi ya kankama muka yi karo-karo muka saya wa 'yan sintirinmu safar hannu. Abin da ya jawo haka, wani matashi daga cikinsu ya dawo daga zagayen dare a kan babur gab da asuba, yatsunsa sun ƙage da sanyi har ya kasa matse birki, ya auka rami. Allah ya taƙaita, gwiwa kawai ya ƙuje. Amma abin ya tsaya mana a rai, domin yaran nan barcinsu suke bari don mu yi namu.

Muka tashi mutum biyu zuwa Azare, suka birkice kayan gwanjo suka zaɓo mafi kauri, irin mai auduga a ciki wadda Turawa ke sawa lokacin ƙanƙara. Mu a ganinmu mun gama magana. Ba a rufa mako ba ƙorafi ya fara shigowa. Ba a iya danna makunnin tocila da ita, gilashin waya ba ya jin yatsa, gora kuma sai ta riƙa juyawa a tafin hannu. Wani dattijo a cikinsu, tsohon maharbi, ya ce mana: "'Ya'yana, in na ji motsi a bayan garke, sai na tsaya cire wannan abu da haƙori kafin in kira 'yan uwa?" Muka yi shiru, don mun san ɗumi kawai muka duba, ba mu duba aikin ba.

Da bazara ta shigo kowa ya jefa tasa ƙarƙashin gado saboda gumi, alhali hannu bai daina gamuwa da ƙayar aduwa da ƙarangiya ba. Damina kuwa ta ƙarasa ta. Audugar ciki ta sha ruwa ta yi nauyi, ga wari, kwana biyu ba ta bushe ba.

Su da kansu suka nemo mafita. A hunturu yanzu sun fi son ta fatar akuya marar kauri wadda ta kama hannu daidai, a yanke kan babban yatsa da manuni saboda waya. Iska ce ke daskarar da yatsu a kan babur, fata kuma tana tare iska. In ta jiƙe a shanya ta a inuwa a shafa mata ɗan man kaɗanya, rana busar da ita take yi ta yi tauri. Da zafi, mai guntayen yatsu ta wadatar. Da ruwa kuma, abin mamaki, wadda ta fi aiki ita ce mai arahar nan ta leburorin gini mai roba a tafi: ba ta santsi, kuma tana saurin bushewa.

Abu ɗaya muke ta nanata wa samarin: kada safa ta sa mutum ya cusa hannu cikin rami ko tarin kara da dare. Ba za mu dogara da ita a gaban haƙorin kububuwa ba.

Bana kafin mu fitar da ko sisi, kowane ɗan sintiri zai sa samfurin a hannunsa, ya kunna tocila, ya kira lamba, ya ɗauki makulli daga ƙasa. Masu tsofaffin na bara su taho da su taro, za mu miƙa wa 'yan acaɓa masu fitar asuba.