Fentin ƙofa ɗaya a Birmingham, da kewar Apo

Fam 450 wani gareji ya ce in biya don gyaran ƙofa ɗaya tak, wadda wani ya goga a wurin ajiye motoci ya yi gaba abinsa. Motar kuwa tsohuwar Toyota Yaris ce. Raina ya sosu ƙwarai, domin a Apo da ke Abuja wannan aikin yini guda ne: ka ajiye mota da safe, da la'asar fanel bita ya miƙo maka makulli, har ma ka nemi ragi a yi maka.

A Ingila lokacin ma'aikaci ne mai tsada, awa-awa ake lissafa shi, shi ya sa masu tsofaffin motoci ke zage damtse su yi da kansu. Maƙwabcina ya fente motar ɗaukar kayansa gaba ɗaya da rola irin ta fentin bango. Daga nesa ba laifi, amma in ka matso sai ka ga jikinta kamar ɓawon lemo. Ƙaramin yaron shago a Apo ba zai yarda irin wannan aikin ya fita daga hannunsa ba.

Duk da haka akwai abin da nake kishin mutanen Ingila a kai. Kowace mota tana da lambar launinta, galibi a jikin ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet. Ka kai lambar shago irin su Halfords, a ba ka gwangwanin feshi na launin. Mutanenmu kuwa murfin tankin mai suke cirewa, mai haɗa fenti ya kalla, ya ɗiga wannan ya ɗiga wancan har ya zo daidai. Lambar tana ba ka launin ranar da mota ta fito daga kamfani, idonsa kuwa yana ba ka launin da ranar Abuja ta bar mata bayan shekaru. A nan dai ban ga wanda ya kai shi ba.

In za ka yi da kanka, yawancin aikin kafin feshi yake. Wanke wurin da sabulu, ka cire duk wani maiƙo. Kankare tsatsa har sai ƙarfe ya fito fari, musamman a ƙasan ƙofa, domin gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi yana cin mota ta ƙasa. Cike ramin da fila, ka goge da sanfefa mai lamba 180, sannan 320. Rufe gilashi da hannun ƙofa da takarda da salatif. Fesa firaima, in ta bushe ka bi ta da 800 da ruwa.

Wajen fesa launi, riƙe gwangwanin nesa da kamar santimita 25, ka yi shafi siriri sau uku, da tazarar minti 15 tsakani. Mai gaggawa ne fentinsa ke zuba. Sai mai ƙyalli a sama. Bar shi ya yi makonni kafin ka taɓa shi da sanfefa mai lamba 2000 da man gogewa.

Mu a Apo ƙurar hunturu muke tsoro, shi ya sa ake yayyafa ruwa a ƙasa kafin feshi. A nan danshi da sanyi ne matsala. In zafi ya gaza digiri 15, fentin yakan dushe, don haka jira rana mai kyau, ka ɗumama gwangwanin cikin ruwa mai ɗumi. Wanda zai canza launin motar gaba ɗaya kuma dole ya sanar da hukumar DVLA.

Kayan wannan aikin duka ba su kai fam 70 ba, abin da ya ƙara sa fam 450 ɗin nan ya tsaya mini a rai. Sai dai na san wani ɓangaren kuɗin yana tafiya ga ɗakin feshi mai zuƙe iska da takunkumi mai bututun numfashi. Fentin da ake kira 2K yana ɗauke da sinadarin isosayanet mai haddasa asma, kuma shi ne samarinmu ke fesawa a fili da ƙyalle ɗaure a hanci. Wannan yana damuna matuƙa, domin sauƙin farashin da muke alfahari da shi huhunsu ne ke biyan wani kaso nasa. Kada ka fesa 2K a garejin gida. Sayi na 1K, ka sa takunkumi mai matatar tururin fenti, ka bar ƙofa a buɗe.