Bikin Da Sukuwa Ta Haifa, Giya Ta Gaje Shi

Duk baƙon da ya sauka birnin Munich na ƙasar Jamus a ƙarshen watan Satumba ba ya bukatar ɗan jagora. In ya bi sawun mazan da suka sa gajeren wandon fata da matan da suka yi ado da rigunan gargajiya, lalle za su kai shi Theresienwiese, watau filin da ake bikin Oktoberfest.

Asalin bikin ba giya ba ce. Ran 12 ga watan Oktoba 1810 aka ɗaura auren Yarima Ludwig, mai jiran gadon sarautar Bavariya, da Gimbiya Therese. Bayan kwana 5 aka rufe shagali da sukuwar dawaki a wani fili bayan gari, filin ya ci sunan amarya. Da abin ya yi armashi aka yi ta maimaitawa har ya zama al'ada. Yau sukuwa ta kau, sai ƙattin dawakin da ke jan gangunan giya ran buɗewa.

A ranar, wadda kullum Asabar ce, magajin gari yakan fasa ganga ta farko da ƙarfe 12 na rana a rumfar Schottenhamel, kamar yadda aka soma a 1950, kana a harba bindiga sau 12. Daga nan sai kwana 16 zuwa 18 ana cashewa. Manyan rumfuna 14 ne, kowace tana cin mutum dubbai, makaɗa a tsakiya, jama'a bisa benci suna waƙa. Kamfanoni 6 na cikin Munich kaɗai aka yarda su kawo giya. A 2023 mutum miliyan 7.2 suka halarta.

Shiga filin kyauta ne, amma zama a rumfa sai mai nauyin aljihu. A 2024 kofin gilashi mai cin lita 1 ya kama daga yuro 13.60 zuwa 15.30, ga kuɗin masauki yakan tashi a lokacin. Bugu da ƙari, giyar biki ta fi ta yau da kullum ƙarfi. Baƙon da bai san haka ba sau da yawa yakan farka ne a gangaren ciyawa kusa da gunkin Bavariya, ko a hannun ma'aikatan lafiya.

Wanda ba ya sha shi ma ba zai rasa abin kallo ba. Akwai lilo iri iri, da gasasshiyar kaza, da lemo, da sashen Oide Wiesn da ya samo asali a 2010, inda ake nuna bikin irin na dā, hayaniya kuwa da sauƙi. Sai dai ya riƙa tambaya kafin ya ci, gama naman alade ya yawaita.

Kusa da babbar ƙofa akwai abin tunawa da ran 26 ga Satumba 1980, sa'ad da bam ya hallaka mutum 13, ya raunata fiye da 200. Tun 2016 aka kewaye filin da shinge, aka hana shiga da manyan jakunkuna.

Wajen ƙarfe 10 da rabi na dare yawancin rumfuna sukan daina sayar da giya, makaɗa su yi shiru, jama'a su kwararo zuwa tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa. A nan ake gane wanda ya zo kallo da wanda ya zama abin kallo.