Daga Gamji Zuwa Dajin Ɗankunya

Idan Allah Ya kai ki Kaduna, ki daure ki ja yara ku leƙa Gamji, wato wurin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina da ke bakin kogi. A nan za ki ga gadar Lugga, 'yar ƙaramar gadar ƙarfe da aka fara kafawa a Zungeru a 1904, daga baya aka ɗauko ta zuwa Kaduna. Ki tsaya ki dubi ruwan da kyau. An ce daga kadduna garin ya samo sunansa, amma yau sai ki wuni a bakin kogin ba ki ga ko ɗaya ba. Haka dabba take ɓacewa, a hankali, sai suna ya rage.

Akwai wata dabba da ta kama wannan hanya, sunanta ɗankunya. Mai farin ciki daga cikinsu a kan bishiya yake rayuwa, a dazuzzuka masu duhu na kudancin ƙasar nan, kamar na Kuros Riba. Kusan duk jikinsa ɓawo ne, ba shi da haƙori ko ɗaya. Da dogon harshe yake lasar tururuwa da gara cikin dare. Uwar kan haifi ɗa ɗaya tal, ta riƙa yawo da shi a gindin wutsiyarta. In ya ji tsoro sai ya dunƙule ya ɓoye fuska kamar amarya. Wannan dabara tana kare shi daga damisa, amma mafarauci sai dai ya sunkuya ya jefa shi cikin buhu.

Ana kashe shi don nama, ana kuma fitar da ɓawonsa zuwa Asiya da sunan magani, alhali sinadarin ɓawon ɗaya ne da na farcenki. A 2016 ƙasashen duniya suka haramta cinikinsa tsakaninsu. Duk da haka, a watan Afrilun 2019 an kama fiye da tan 25 na ɓawon a Singafo, kuma daga Nijeriya aka yi lodinsa. A 2023 gwamnati ta ƙone kusan tan 4 a Abuja. Ga kuma saran daji don katako da gawayi da noma, wanda ke raba shi da gidansa.

Kila ki ce, ina ruwan matar Unguwar Rimi ko Kawo da wannan? Da ruwanki, 'yar'uwa. In maigida zai dawo daga kudu, ki roƙe shi kada ya tsaya sayen ɗankunya a bakin titi. In mai magani ya miƙo miki ɓawonsa, ki ce kin gode, ki nufi asibiti. In da hali, ki rage girki da gawayi. Kin dai san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Dabba ma amana ce a wuyanmu.

Ranar Asabar ta uku a watan Fabrairu ita ce ranar ɗankunya ta duniya. Ki ba yara labarinsa a bakin gadar nan, ko Allah Ya sa jikokinmu su gan shi da idonsu. Sai wata mai zuwa in muna raye.