Jimmy Carter Tsakanin Gona, Daji da Coci

A 1988, shekara bakwai bayan ya sauka daga mulkin Amurka, Jimmy Carter ya fitar da littafi mai suna An Outdoor Journal. Batun siyasa kaɗan ne a cikinsa. Yawancinsa labarin farauta ne da kamun kifi, tun yarintarsa a ƙauyen Archery kusa da garin Plains, a jihar Jojiya.

Mahaifinsa Earl, manomin gyaɗa da auduga, shi ya koya masa riƙe bindiga da bin karnuka wajen farautar salwa. Kare kan tsaya cak, ya miƙe wutsiya, ya ɗaga ƙafa ɗaya, mafarauci ya matso a hankali kafin tsuntsaye su tashi fir. Rachel Clark kuwa, baƙar fata mai aiki a gonarsu, ita ke ɗaukarsa zuwa rafi da fatsa. Da ya girma, matarsa Rosalynn ta zama abokiyar kamun kifinsa.

Carter Kirista ne ɗan Baptis, ya yi shekaru yana koyar da Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi a cocin Maranatha. A wurinsa ƙasa da namun daji amana ce daga Ubangiji. A 1980 ya sa hannu kan dokar da ta kare sama da eka miliyan 100 a Alaska.

Ya rasu a Disamban 2024 yana da shekara 100, aka binne shi a Plains kusa da Rosalynn.