Akushin Baba

A ƙasar Adar, cikin jihar Tawa, da an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, maza da yawa sukan tafi cin rani. Wasu su nufi Kano ko Legas, wasu Abijan. Ba son yawo ke fitar da su ba. Sau da yawa hatsin da aka noma ba ya kai iyali wata damanar, dole a rage baki, a nemo kuɗi.

A wani ƙauye kusa da Keita akwai wani yaro ɗan makaranta. Shi a ganinsa farin ciki keke ne. Ranar da babansa zai tafi Abijan, ya ce:

"Baba, ka sayo mini keke."

Baba ya ce: "To, in Allah ya hore."

Washegari Inna ta wanke akushin Baba, ta sa shi cikin ragaya. Ba mai cin tuwo a ciki sai mai shi ya dawo.

Da fari kuɗi suna zuwa, wani wata jika biyar, wani wata jika goma. Da zafi ya shigo sai aike ya tsaya. Labari ya zo cewa Baba yana kwance ba lafiya. Inna ta rage awon hatsi. Hira ta ɗauke a tsakar gida, ko tatsuniya ba a yi.

Wani dare yaron ya tambayi kakarsa:

"Kaka, mene ne farin ciki?"

Kaka ta ce: "Maigidana, ba ni kunnenka. A 1984 an yi fari, rumbuna suka ƙare. Anza muka ci. Sai ta kwana da kwanaki cikin ruwa kafin ɗacinta ya fita. Yunwa ba daɗi, kada wani ya ruɗe ka. Amma a gidan nan ba wanda ya ɓuya ya ci shi kaɗai. Da dare kakanka yakan ƙirga mu. In ya ga mun cika, sai ya ce alhamdu lillahi, mu yi barci."

Yaron ya dubi ragaya, bai ce kome ba. Tun daga ranar ya daina zancen keke. In ya taso daga makaranta, ya ɗebo wa Inna ruwa, ya yanko wa akuya ciyawa.

Cikin watan Yuni hadari ya fara haɗuwa. Ran nan da la'asar wata mota ta tsaya bakin kasuwa, sai ga Baba ya sauko. Ya rame. Ba keke, sai jaka ɗaya da sabulu da zanen Inna a ciki. Kuɗin sun tafi wajen magani.

Inna ta sauko da akushi, ta zuba tuwo da miyar kuka. Baba ya ci, ya rage, ya miƙa wa yara kamar yadda ya saba. Yaron bai taɓa jin tuwo mai daɗin wannan ba.

Yara, keke abu ne mai kyau, cikar rumbu kuwa ta fi shi. Amma yaro a gida yake fara koyon farin ciki: wurin wanda ya rage masa tuwo, da wadda ta hana kanta ta ba shi. Shi ma in ya girma, haka zai riƙe nasa iyali.

Tambayoyi
1. Don me mazan Adar suke tafiya cin rani?
2. Me Kaka ta tuna game da shekarar 1984?
3. Wane aiki kake yi don ka faranta wa iyayenka rai?