Ziyararmu ƙasar Tasawa: ɗakin littattafan da mata suka riƙe

Bayan kaka, mu shida daga ƙungiyarmu muka bar tashar Maraɗi da sassafe. Muka wuce Cadawa, Agye da Gazawa, gonaki duk an yanke hatsi, gawo ya fara fitar da ganye. Daga Tasawa amalanken shanu ya kai mu wani ƙauye cikin rairayi, don mun ji labarin lakwal ɗinsu tana da ɗakin littattafai, mata ke riƙe da shi. Tamu lakwal ma an taɓa kawo mata kwali biyu na littattafai, yau ko bango ɗaya babu. Abin da ya tashe mu ke nan.

Ɗakin ƙarami ne, na ƙasa. Akwatunan ƙarfe uku bisa duwatsu saboda gara, tabarmi biyu, da kaye inda ake rubuta sunan duk yaron da ya ari littafi. Wata budurwa da ta tsaya a kwaleji ce ke buɗewa Laraba da marece da Asabar, ba albashi.

Shugabar iyaye mata ta lakwal ta ba mu tarihi. Wani furoje ne ya kawo littattafan farko. Da furojen ya ƙare, ba wanda ya sake leƙowa. Rufi ya yi yoyo, gara ta ci nata rabo, mushen da ya fara aikin aka canza masa wuri. Ta ce: «Wallahi, Hajiya, ranar da ɗiyata ta komo daga dogon hutu ta kasa karanta abin da take karantawa kafin damana, ranar na gane asarar tamu ce.»

Ga dubarar da suka yi. Su talatin ne a asusu. Kowane mako, bayan zubi, kowace na ƙara dala biyar a wani gwangwani dabam. Dala ɗari da hamsin ke nan a mako, jika 39 a shekara. Da kaka kowane gida mai yaro a lakwal yana ba da tiya ɗaya ta wake. Suna ajiyewa cikin bido a rufe don ƙwari, sai bazara in ya yi tsada su sayar. Da kuɗin waken suke sayen ɗan rago, wata ta kiwata, a sayar gab da Layya. Yara ma «ragon karatu» suke ce masa.

Kuɗin kashi uku ne: sababbin littattafai na Hausa da na Faransanci, gyaran rufi da akwati, sai ɗan kuɗin sabulu ga mai buɗe ɗaki, don kada ta gaji ta bari. Akwatin kuɗin yana da kwaɗo uku, kowane makulli hannun mace dabam, kamar yadda muka saba tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991. Sau biyu a shekara ana karanta lissafi a gaban kwamitin lakwal da maigari.

Ba su ɓoye mana wahala ba. Wasu maza sun so a juya kuɗin ga sayen zana don rumfunan aji. Matan suka ce zana aikin kwamiti ne, wannan na littafi ne. Shekarar da damana ba ta yi kyau ba, wake bai taru ba, rago bai samu ba, dala biyar ɗin nan ce kaɗai ta riƙe ƙofar a buɗe. Sun kuma kai takarda ga ma'aikatar magajin gari don a sa musu wani abu cikin kasafin komin. Suna jira, amma ba su jingina da shi ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Kafin mu taso, wata ƴar aji huɗu ta karanta mana shafi guda da Hausa, ba ta yi tuntuɓe ba. Mu da muka koyi baƙi da girma a ajin yaƙi da jahilci mun san abin da wannan yake nufi.

A hanya muka yanke shawara: zubin mako mai zuwa za mu kawo maganar gwangwani na biyu, sannan mu je wajen darakta mu nemi a ƙirga abin da ya rage na littattafanmu. Ku ma ku tattauna a naku taro. Allah ya yi wa yaranmu albarka, amin.